Jinkirin Jirgin Sama Da Haƙƙin Fasinja: Ina Matafiyan Zango Suka Tsaya?

Duk shekara idan hunturu ya kankama daga watan Disamba zuwa Fabrairu, hazo ya rufe sararin samaniyar Kumasi, akwai wani labari da ba ya tsufa a Ayigya Zango. Za ka ga an raka mutum filin jirgi da sassafe da jakunkunansa, an yi addu'a an yi ban-kwana, amma kafin La'asar sai ga shi ya dawo gida a tasi, ko kuwa a ji ya zarce tashar Asafo yana neman motar da za ta kai shi Akra cikin dare. In an tambaye shi abin da ya faru, amsar ba ta wuce, "An ce jirgin ba zai tashi ba." In aka ƙara tambaya, to me kamfanin ya ba ka? Sai ya ce, "Sun ba mu haƙuri." Daga nan mu ma sai mu ƙara masa wani haƙurin, mu ce Allah Ya sa hakan ne mafi alheri, shi ke nan magana ta mutu.

Ba mu da ja a kan haƙuri. Masu iya magana sun ce mahaƙurci mawadaci, kuma mu jikokin matafiya ne da suka san wahalar hanya. Kakanninmu fataken goro sun yi ta taka sayyada daga Kano da Katsina zuwa Salaga da Kumasi watanni a kan hanya, wasunsu kuma sun tafi Makka da ƙafa ta Chadi da Sudan, suka shafe shekaru kafin su dawo. Wanda ya gaji irin wannan tarihi ba zai ɗaga hankalinsa don jirgi ya makara da awa biyar ba. To amma akwai bambanci tsakanin tafiyarsu da tamu. Su ba su biya kowa kuɗi a kan alkawarin zai kai su wuri kaza ranar kaza ba. Mu kuwa mun biya. Tikitin jirgi yarjejeniya ce tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuma idan ɗaya ya saɓa, doka ta faɗi abin da ɗayan zai samu. Abin da muke son dubawa a yau shi ne, me dokar ta tanada, kuma me ya sa tanadin bai cika isowa hannun mutumin Zango ba?

Maganar ta ƙara zama tamu ne tun daga watan Mayun 2024, lokacin da Shugaba Nana Akufo-Addo tare da Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu suka buɗe sabon ginin filin jirgin Kumasi, aka raɗa masa sunan Prempeh na Ɗaya. Filin ba shi da nisa da unguwanninmu, domin mutanen Aboabo da Asawase da Sawaba da mu nan Ayigya duk muna jin rugugin jirage suna tashi suna sauka. Tafiyar da ke cin awa biyar ko shida a mota zuwa Akra, kusan kilomita 250, jirgi na yin ta cikin ƙasa da awa guda. Saboda haka jirgi ya daina zama abin hawan manyan ma'aikata kawai. 'Yan kasuwar Kejetia masu saro kaya daga Dubai da Sin suna hawa, 'ya'yanmu da ke zaune a Jamus da Italiya da Amurka suna hawa idan sun zo ganin gida, ga masu Umra, ga kuma alhazai. Yawan hawa kuwa shi ne yawan haɗuwa da jinkiri da sokewa.

Idan ba a manta ba, ƙasar nan ta sha ganin matafiya sun yi cirko-cirko a filin jirgi. A watan Yulin 2004 hukumomin Amurka suka hana kamfanin Ghana Airways shiga ƙasarsu, fasinjoji da dama suka maƙale a can da nan, kuma kafin ƙarshen 2005 kamfanin ya zama tarihi. Wanda ya gaje shi, wato Ghana International Airlines, shi ma ya daina tashi a 2010. A cikin gida kuma mun ga yadda Antrak Air da Starbow, waɗanda mutanen Kumasi suka saba hawa, suka ɓace daga sararin samaniya. Darasin da ke cikin wannan shi ne, duk ranar da kamfanin jirgi ya durƙushe, mai riƙe da tikiti shi ne na ƙarshe a layin masu bin bashi, bayan bankuna da masu sayar da mai da ma'aikata.

Sai dai abin da ya fi taɓa zuciyar al'ummar Zango shi ne abin da ya faru a aikin Hajjin 2007. A watan Disamban wannan shekara maniyyata masu yawa, cikinsu har da tsofaffi maza da mata daga Kumasi da Tamale da Wa da Bawku, suka yi kwanaki a zube kusa da filin jirgin Akra suna jiran jirgin da bai zo ba. Sai da gwamnatin Shugaba John Agyekum Kufuor ta roƙi hukumomin Saudiyya su ƙara wa'adin saukar jiragen alhazai kafin aka samu kwashe su. A 2016 ma, shekarar da aka fara ɗaukar alhazai kai tsaye daga Tamale, ɗaruruwan maniyyatan da suka biya kuɗinsu cif ba su samu tafiya ba. A duk waɗannan lokuta an yi ta maganar wa ya yi laifi, an yi ta kiran gwamnati ta sa baki, amma da wuya ka ji an ta da maganar abin da doka ta ce a biya wanda ya kwana a ƙasa, ko wanda ya sayar da gonarsa ya biya kujera aka bar shi.

To me dokar ta ce? Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, ba doka guda ba ce. Wadda za ta yi aiki a kanka ta danganta da inda ka tashi, inda za ka, da kuma ƙasar da ta mallaki kamfanin da ya ɗauke ka.

Babbar cikinsu ita ce Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ta fara aiki a duniya a 2003, Gana kuma ta shige ta a 2018. Najeriya da Saudiyya da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai duk suna ciki. Ta shafi tafiya daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma sashe na 19 ya ɗora wa kamfanin jirgi alhakin asarar da fasinja ya yi saboda jinkiri, sai fa idan kamfanin ya tabbatar da cewa ya yi duk abin da ya kamata don kauce wa jinkirin. Ana lissafin iyakar diyyar da wani ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR. Daga ƙarshen Disamban 2024 iyakar diyyar jinkiri ta zama SDR 6,303, wato sama da Dala 8,000, ta kaya kuma SDR 1,519, kimanin Dala 2,000. Amma a lura, wannan iyaka ce, ba kyauta ba. Abin da ka iya nuna ka yi asara shi za a biya ka, kamar kuɗin otal da na abinci da na sabon tikitin da ka saya dole. Wanda ba shi da rasit, kamar bai yi asarar komai ba ne a idon doka.

Yarjejeniyar ta kuma yanka wa'adi. Idan jakarka ta iso a fashe, kwana 7 gare ka ka rubuta ƙorafi. Idan ta makara ne, kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka ita. Shigar da ƙara kotu kuwa shekara 2 ne, in sun wuce haƙƙin ya faɗi. Mu da muka saba cewa bari a huta gajiya tukuna, a gama karɓar 'yan sannu da zuwa, sau da yawa kafin mu waiwayi maganar jaka wa'adin ya riga ya cika. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mai tikitin zuwa da dawowa, alal misali daga Akra zuwa Jidda a dawo Akra, a doka Gana ce ƙarshen tafiyarsa, don haka yana iya kai ƙararsa kotun ƙasar nan ba sai ya bi kamfanin har gidansa ba.

Ta biyu ita ce dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, kuma ita ce ta fi kowace tsauri a kan kamfanoni. Ita ba ta tambayar ko ka yi asara. Ta yanka kuɗi ne tsababa: Yuro 250 ga gajeriyar tafiya da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, Yuro 400 ga matsakaiciya, Yuro 600 ga wadda ta haura kilomita 3,500, kamar tsakanin Akra da biranen Turai. Ana biyan wannan idan an soke jirgi ba tare da sanarwar kwana 14 ba, ko an hana mutum shiga alhali yana da kujera. A 2009 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukuncin cewa wanda ya isa inda za shi a makare da awa 3 ko fiye shi ma ya cancanci diyyar, ko da yake a doguwar tafiya kamfani na iya biyan rabi idan makarar ba ta kai awa 4 ba. Kafin nan, a 2008, kotun ta ce lalacewar injin jirgi ta yau da kullum ba uzuri ba ce, domin gyaran jirgi aikin mai jirgi ne.

Wannan doka ta shafi duk jirgin da ya tashi daga ƙasar Tarayyar Turai ko na wane kamfani ne, da kuma jirgin da zai shiga Turai idan kamfanin na Turai ne. Ma'ana, ɗan Ayigya da ya hau KLM ko Air France ko Brussels Airlines daga Akra yana ƙarƙashin inuwarta, ko da bai taɓa mallakar takardar zama a Turai ba, domin dokar ba ta duba fasfo. Wanda kuma ya bi ta Istanbul ko Kasablanka ko Adis Ababa da kamfanin da ba na Turai ba, a tafiyarsa ba ta rufe shi ba, sai dai a dawowarsa daga Turai. Ingila bayan ficewarta daga Tarayyar ta riƙe irin wannan doka, inda mafi girman diyyar ya zama Fam 520. Amurka kuwa ba ta yanka diyyar jinkiri ba, amma a 2024 ta wajabta wa kamfanoni mayar da kuɗin tikiti kai tsaye idan an soke jirgi, ko tafiyar ƙasa da ƙasa ta makara da awa 6 fasinja ya ce ya fasa.

Ta uku, wadda ta fi shafar alhazai da masu Umra, ita ce sabuwar ƙa'idar hukumar jiragen sama ta Saudiyya da ta fara aiki a watan Nuwamban 2023. Ta tanadi Riyal 750 ga wanda jirginsa ya makara fiye da awa 6, ban da abinci da masauki, ta kuma tanadi diyya a kan sokewa da hana shiga jirgi gwargwadon kuɗin tikiti, kuma ta haɗa har da jiragen shata na Hajji da Umra. Duk alhajin da ya taɓa zaman jiran jirgin dawowa a Jidda, guzuri ya ƙare, ga tarin tsaraba, ya san amfanin wannan tanadi. Tambayar ita ce, alhazanmu nawa ne aka taɓa yi wa bayaninsa a wurin bita kafin su tashi?

A maƙwabta, Najeriya tana da sashe na 19 na ƙa'idojin hukumar NCAA, wanda ya ce a ba fasinja abin taɓawa idan jinkiri ya yi tsawo, a mayar masa da kuɗinsa idan ya fasa, a ba shi masauki idan dare ya yi, sannan a wasu halaye a biya shi kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikitin cikin gida ko kashi 30 na tafiyar waje. Wannan ya shafi 'yan uwanmu masu zuwa Kano da Legas. A nan gida kuma Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Gana, wato GCAA, tana da nata ƙa'idojin kare fasinja da sashen karɓar ƙorafi, kuma ita ce ke da ikon jan kunnen kamfanin da ya saɓa.

Ke nan doka ba ta yi ƙaranci ba. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda mu mutanen Zango muke tafiya, domin kusan kowace al'adarmu ta tafiya tana raba mu da takardar da za mu nemi haƙƙinmu da ita.

Mu fara da ejan. Mafi yawanmu ba mu sayen tikiti da kanmu. Muna kai kuɗi wurin wani da muka sani, ɗan unguwa ko abokin kasuwanci, shi ya yanka mana. Wannan amana ce mai kyau, amma sau da yawa lambar waya da adireshin intanet da ke jikin tikitin na ejan ne, ba na matafiyi ba. Idan kamfani ya sauya lokaci, ejan ake sanarwa. Idan an mayar da kuɗi, ta hannun ejan suke biyowa. Matafiyi na iya zuwa filin jirgi ya tarar an soke tafiyar tun kwana uku, kuma ba shi da hujjar cewa ba a gaya masa ba. Akwai ejan-ejan masu gaskiya da ke bin haƙƙin mutanensu har su karɓo, amma tsarin da ya dogara ga halin mutum ɗaya ba tsari ba ne.

Na biyu shi ne raba tikiti, kuma wannan ciwon mutanen Kumasi ne musamman. Da yake yawancin tafiye-tafiyenmu na waje ta Akra suke bi, mutum kan sayi tikitin Kumasi zuwa Akra daban, na Akra zuwa Amsterdam ko Dubai daban. Alal misali, a ce hazo ya hana jirgin yamma tashi daga Kumasi, shi kuma babban jirgin ya tashi daga Akra ƙarfe goma na dare. Kamfanin waje zai ce shi bai makara ba, kai ne ba ka zo ba, kuma yana iya soke har tikitin dawowarka. Kamfanin gida kuma zai ce alkawarinsa Akra ne kawai, ga kuɗin tikitinka. Mutum ya tashi a tutar babu, ya yi asarar tikitin dubban Sidi saboda tafiyar minti arba'in. Da a ce tafiyar biyu tana cikin tikiti guda, doka za ta ɗauke ta tafiya ɗaya ce ta ƙasa da ƙasa, kuma nauyin kai shi inda za shi yana wuyan kamfani. Inda haɗa tikiti bai yiwu ba, hikima ita ce a sauka Akra tun da safe ko ma a kwana can, musamman lokacin hunturu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku shi ne jirgin shata na alhazai. Maniyyaci yana biyan kuɗin kujera ne dunƙule ta hannun ejan zuwa ofishin alhazai, kuɗin da ya kai Sidi 75,000 a 2023 da 2024, ya sauko zuwa Sidi 62,000 a 2025. A cikin wannan kuɗi akwai na jirgi da na masauki da na abinci da na hidimomin Saudiyya, amma alhaji bai san nawa ne kason jirgi ba, bai kuma taɓa ganin yarjejeniyar da aka ƙulla da kamfanin da zai ɗauke shi ba. Idan jirgi ya makara kwana biyu, wa zai kama? Ejan zai nuna ofishin alhazai, ofishin ya nuna kamfani, kamfani ya ce shi da gwamnati ya yi ciniki. Alhali Yarjejeniyar Montreal ta hango irin wannan, ta ce wanda ya ƙulla cinikin ɗaukar fasinja da wanda ya ɗauke shi a zahiri duk ana iya tuhumarsu. Idan kuma akwai tarar jinkiri a cikin yarjejeniyar shatar, adalci shi ne alhajin da ya sha wahalar ya san da ita, ya kuma ga kasonsa.

Na huɗu kuwa yana cikin zukatanmu ne. Da yawa daga cikin dattawanmu suna ganin neman diyya a tafiyar ibada kamar rage lada ne, ko kuma rashin yarda da ƙaddara. Muna ganin a nan malamanmu suna da aiki. Addinin da ya koya mana karɓar ƙaddara shi ne ya wajabta cika alkawari, ya kuma hana cin dukiyar mutane ba bisa haƙƙi ba. Ɗan kasuwar da aka kawo wa buhun masara da rabi a madadin biyu ba ya cewa ƙaddara ce ya yi shiru, yakan nemi cikonsa, kuma babu mai cewa imaninsa ya ragu. Wanda ya ga dama ya yafe bayan ya san haƙƙinsa, wannan alheri ne da zai samu ladarsa. Wanda ya bari don bai sani ba, wannan ba yafiya ya yi ba, cutarsa aka yi.

Adalci ne kuma mu ji ta bakin kamfanonin. Babu mai hankalin da zai so matuƙi ya tashi ko ya sauka cikin hazon da ba ya ganin titin jirgi. Jinkiri ya fi hatsari sau dubu, kuma dokokin da muka ambata duk sun yarda cewa mummunan yanayi uzuri ne da ke ɗauke wa kamfani biyan diyyar kuɗi. Haka kuma kamfanonin cikin gida irin su Africa World Airlines da PassionAir suna sayen mai da kayan gyara da Dala, suna sayar da tikiti da Sidi, ga haraji iri-iri a kan kowace kujera. Idan aka ɗora musu irin diyyar Turai ba tare da lissafi ba, ko dai tikiti ya fi ƙarfin talaka, ko su bi sahun waɗanda suka rufe. Su kansu Turawan sun yi saɓani a kan wannan, domin a 2025 ministocin sufurinsu sun nemi a ɗaga ma'aunin awa 3 zuwa sama, 'yan majalisar dokokin Tarayyar suka ƙi.

Amma uzurin yanayi yana da iyaka. A dokar Turai ko da laifin ba na kamfani ba ne, kula da fasinja na nan a wuyansa. Lokacin da dutse mai aman wuta ya yi bindiga a ƙasar Aisland a Afrilun 2010, toka ta rufe sararin Turai kwanaki, kotu ta tabbatar a 2013 cewa dole kamfani ya ɗauki nauyin abinci da masaukin fasinjojin da suka maƙale. Haka nan mayar da kuɗi ko sauya wa mutum jirgi ba alfarma ba ce. Bugu da ƙari, hunturu ba baƙo ba ne, kowace shekara yana zuwa a lokacinsa. A Fabrairun 2020 mun ga yadda aka karkatar da manyan jiragen da za su Legas zuwa Akra, fasinjoji suka yi kwanaki a nan, kuma abin da ya jawo haka bai tsaya ga hazo kaɗai ba, har da matsalar na'urorin da ke taimaka wa jirgi sauka a can. Wato wani jinkirin da ake jingina wa Allah, na hukuma ne da ba ta gyara kayan aikinta ba, wani kuma na kamfani ne da ya ga kujeru ba su cika ba ya haɗe tashi biyu ya ce yanayi ne. Shi ya sa fasinja ke da haƙƙin a faɗa masa ainihin dalili, kuma a rubuce.

To mene ne abin yi? Ga matafiyi, shawararmu mai sauƙi ce. Ka tabbata lambar wayarka ce a jikin tikiti, kuma ka karɓi kwafinsa da rasit daga ejan. Ka adana katin shiga jirgi da ɗan tambarin jaka har sai ka ga komai ya kammala lafiya. Idan an yi jinkiri ko an soke, ka ɗauki hoton allon sanarwa da wayarka, ka nemi ma'aikacin kamfani ya rubuta maka dalili. Duk abin da ka kashe na abinci ko tasi ko otal, ka karɓi rasit. Kada ka yi saurin sa hannu a takardar da ba ka karanta ba, ko ka karɓi takardar alkawarin wata tafiya nan gaba a madadin kuɗi, sai in kai ne ka zaɓi haka. Ka fara rubuta wa kamfanin, in bai amsa ba ka kai ƙorafi GCAA. Zagin yarinyar da ke bayan kanta ko fasa kujera ba ya kawo ko sisi, sai dai ya mayar da mai gaskiya mai laifi.

Ga al'umma kuma, Allah Ya hore mana abin da wasu unguwanni ba su da shi. Jami'ar Kwame Nkrumah tana tsallaken titi da mu, kuma 'ya'yan Zango da yawa suna karatu a cikinta, har da masu karatun lauya. Ƙungiyoyin matasa da ɗalibai Musulmi za su iya ware rana a harabar masallaci ko fadar Sarkin Zango, su riƙa taimaka wa iyayenmu rubuta takardar ƙorafi. Takarda ce ta shafi guda, amma ga tsohuwar da ba ta karanta Turanci ba, ita ce tsakaninta da Yuro 600. Masu shirya bitar alhazai su ƙara darasi guda a kan haƙƙin matafiyi bayan darasin Ihrami da Ɗawafi. Gidajen rediyon da ke shirye-shiryen Hausa a Kumasi su ma su ba maganar fili kafin lokacin Hajji da lokacin hunturu.

Ga hukuma, muna kira ga GCAA da ta fassara ƙa'idojinta zuwa Hausa da Twi da Dagbani, a manna su a inda kowa zai gani a filayen jirgin Kumasi da Tamale, a kuma riƙa sanar da su ta lasifika. Ta riƙa buga alƙaluman jinkiri da sokewa na kowane kamfani a kai a kai, tare da adadin ƙorafin da ta karɓa da wanda ta warware, domin mai saye ya san inda zai kai kuɗinsa. Ofishin alhazai kuma ya bayyana wa maniyyata kason jirgi a cikin kuɗin kujera, da sharuɗɗan jinkiri da ke cikin yarjejeniyar shata, tun kafin a fara biya. 'Yan majalisarmu na Oforikrom da Asawase, waɗanda ƙuri'un Zango ke cikin abin da ya kai su Akra, su ne ya kamata su fara ta da wannan magana a zauren majalisa.

Daga ƙarshe, muna sane da cewa ba kowane jinkiri ne ke da diyya ba, kuma ba kowace takarda ce za ta samu amsa da wuri ba. Amma kamfanoni suna lissafi ne. Muddin sun san fasinjan Kumasi zai karɓi haƙuri ya koma gida, haƙurin za su ci gaba da rabawa, tunda shi ba ya cin kuɗi. Ranar da takardun ƙorafi suka fara taruwa a teburinsu da teburin hukuma, ranar ce za su fara tunanin ajiye jirgin ko-ta-kwana da kama wa mutane ɗaki. Hunturu mai zuwa, idan maƙwabcinmu ya dawo daga filin jirgi da jakarsa, mu yi masa sannu, mu ba shi haƙuri kamar yadda muka saba, sannan mu tambaye shi ina katinsa na shiga jirgi da rasit ɗinsa. Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya.